Shikago: wuta ce ta cinye tsofaffin benayen, ko masu garin ne suka rushe abinsu?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga magina da masu zanen gini da ke cikinmu. Kullum ana cewa a Shikago ta Amurka aka fara dogon bene mai ƙashin ƙarfe. Na nemi hoton benen farkon da ake ta ambato, Home Insurance Building, sai na tarar tsohon hoto ne kawai ya rage, ginin babu shi. Gobarar nan ta 1871 ce ta haɗa da shi?

Mai Awo:
Wa alaikumus salam. Lissafin ba zai hau ba Baban Ummi. Gobara 1871, benen kuma sai 1885 aka gama shi. William Le Baron Jenney ne ya zana, hawa 10, daga baya aka ɗora masa biyu. Wuta ba ta taɓa shi ba. Lafiyarsa ƙalau aka sa masa guduma a 1931 don a gina Field Building mai hawa 45 a wurin. Kuma mafi yawan gine-ginen da masana ke kuka a kansu haka suka tafi, bayan gobara aka yi su, hannun mutane ne ya kwantar da su.

Ɗan Kwari:
To ni ban ga abin kuka ba. Ka cire hawa 12 ka sa 45, ai ci gaba ke nan. Da fulotina ne ko daƙiƙa ba zan tsaya ba.

Ɗalibar Zane:
Kawu Ɗan Kwari ya iso da kalkuletarsa. Kafin a shiga rigimar rusau, don Allah wani ya faro mana daga tushe. Me ya sa garin ya yi irin wannan girma da sauri haka?

Malam Na Tarihi:
Wurin ne, 'yata. Idan kika dubi taswira, ƙaramin kogin Shikago a wancan zamanin yana zuba ne a tafkin Mishigan. Kaɗan daga yamma da shi akwai kogin Des Plaines, wanda ruwansa ke gangarawa kogin Ilinoi, daga nan Misisipi, har teku a kudu. A lokacin tsakanin kogunan biyu 'yar fadama ce kawai, wadda mutanen ƙasar na asali suke ɗaukar kwale-kwalensu a ka su ƙetare. Turawan Faransa Jolliet da Marquette sun bi ta nan a 1673, kuma tun a lokacin Jolliet ya lura cewa idan aka haƙa mashigi a wurin an haɗa manyan tafkuna da Misisipi.

An fara haƙa mashigin a 1836, aka buɗe a 1848, tsawonsa kusan kilomita 154. A shekarar dai jirgin ƙasa na farko ya tashi daga garin, a shekarar aka kafa kasuwar hatsi ta Board of Trade. Sai alkama da masara da dabbobi suka riƙa shigowa daga yamma, katako daga dazuzzukan Mishigan da Wiskonsin, kayan masana'anta daga gabas, kowa sai ya sauke a Shikago. A 1833 mutanen garin ba su kai 400 ba. A 1837 sun ɗan haura 4,000. A 1850 kusan 30,000, a 1870 kusan 300,000, a 1890 sun wuce miliyan. Mutum ɗaya zai iya ganin wannan duka da idonsa tun yana saurayi har ya yi furfura.

Hajiyar Shikago:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ka tsallake mai gida. Wanda ake lissafawa a matsayin baƙon farko da ya zauna dindindin a bakin kogin baƙar fata ne, Jean Baptiste Point du Sable, ɗan kasuwa, matarsa 'yar ƙabilar Potawatomi. Yana da gida da rumbuna da injin niƙa, ya sayar ya tashi a 1800. An daɗe ana ba da tarihin garin ba a ambatonsa. Yanzu gadar titin Michigan sunansa gare ta, kuma a 2021 aka sa sunansa a babban titin bakin tafki. Su kuwa Potawatomi, yarjejeniyar 1833 ce ta raba su da ƙasar, a 1835 aka kwashe su zuwa yamma da Misisipi. Don haka kafin a zo kan benaye, akwai waɗanda aka fara tayarwa.

Malam Na Tarihi:
Gaskiyarki Hajiya, wannan ba abin tsallakewa ba ne. Barikin soja na Fort Dearborn ma da aka gina a 1803 babu ko itace ɗaya nasa a wurin.

Hajiyar Shikago:
Sai 'yan ƙarafan tagulla da aka dasa a daɓen titi suna nuna iyakar inda katangarsa take. Mutane na takawa kullum ba su ma duba ƙasa.

Injiniya Dogo:
Ku bar ni in shigo da abin da ya fi burge ni, don wanda bai san shi ba ba zai gane halin garin nan ba. Shikago a taɓo aka kafa ta. Ƙasar kusan daidai take da ruwan tafki, saboda haka ruwan sama da na bayan gida ba su da inda za su gangara. Kwalara ta yi musu ɓarna sosai a 1854. Suka ɗauko injiniya Ellis Chesbrough ya tsara magudanan ƙarƙashin ƙasa. Matsalar ita ce in ka haƙa ƙasa ka binne bututu, ba shi da gangara. Sai ya ce a shimfiɗa magudanan a sama, a zuba ƙasa a rufe su, titi ya tashi. Titi ya tashi, a wasu wuraren fiye da mita biyu, sai ƙofofin shaguna suka koma cikin rami.

Me suka yi? Suka ɗaga gine-ginen. Da jak irin mai murɗawa. A 1860 a titin Lake an ɗaga jerin shagunan bulo da dutse mai tsawon kusan mita 98 gaba ɗaya. Jak 6,000, ma'aikata 600, kowa da jak goma a hannunsa. A ba da alama, kowa ya murɗa nasa kaɗan, a sake ba da alama. Cikin kwana biyar ginin ya tashi kusan mita ɗaya da rabi, birkiloli suna bi suna cike harsashi a ƙasa. Kuma shagunan ba su rufe ba, ana ciniki ana ɗagawa. George Pullman, wanda daga baya ya yi suna da taragon kwana na jirgin ƙasa, yana cikin 'yan kwangilar. A 1861 aka ɗaga otal ɗin Tremont House mai hawa shida, baƙi na kwance a ɗakunansu.

Baban Ummi:
Injiniya, tsakaninka da Allah? Bene hawa shida da jak?

Injiniya Dogo:
Wallahi. Nauyi in ka raba shi ga dubban jak, kowanne abin da ya ɗauka bai fi ƙarfinsa ba. Sirrin shi ne su tashi tare, in wani ɓangare ya riga wani, bango ya tsage. Gidajen katako kuwa da ba su kai a kashe musu kuɗin ɗagawa ba, sai a ɗora su a kan gungume a mirgina su bayan gari, a gina na bulo a fulotin. Abin da nake so ku riƙe shi ne, tun kafin gobara mutanen nan ba su ɗauki gini a matsayin abin da zai dawwama a wurinsa ba. Ƙasar ce dukiya, ginin kaya ne da aka ajiye a kanta.

Ɗan Kwari:
Yauwa! Injiniya ya dawo layina.

Injiniya Dogo:
Ban dawo ba Alhaji, bayani nake yi, ba yabo ba.

Ɗalibar Zane:
To gobarar fa? Kada mu raina ta, ai ta ci abin da ta ci.

Malam Na Tarihi:
Ta ci ƙwarai. Daren Lahadi 8 ga Oktoba 1871 ta tashi a wani garken shanu a titin DeKoven, ba ta mutu ba sai ranar 10. Gine-gine wajen 17,500, rayuka kimanin 300, mutum kusan 100,000 suka kwana a waje, wato kashi ɗaya cikin uku na garin. Dalili kuwa a fili yake. Gidaje katako, hanyar masu tafiya a ƙasa katako, wasu titunan ma da guntayen katako aka daɓe su, ga fari da aka yi a wannan shekara, ga iska mai ƙarfi. Da wutar ta kama rufin gidan famfo, injinan tura ruwa suka tsaya, 'yan kwana-kwana suka zama 'yan kallo.

Zancen cewa saniyar Catherine O'Leary ce ta shuri fitila kuwa, ɗan jaridar da ya yaɗa shi, Michael Ahern, ya fito a 1893 ya ce ƙirƙira ya yi. Matar talaka ce, baƙuwa daga Ayaland, an sami wanda za a ɗora wa laifi. Sai 1997 majalisar birni ta wanke ta a hukumance.

Mai Awo:
Amma Malam ka faɗa musu abin da wutar ba ta ci ba, don nan maganar take. Mayankar dabbobi ta Union Stock Yards da aka buɗe a 1865 tana kudu, ta tsira. Layukan dogo suna nan. Kogi da tafki suna nan. Abin da ke kawo kuɗi bai ƙone ba, shi ya sa masu jari daga New York da Boston suka sake zuba kuɗi nan take. Ɓaraguzan ma a bakin tafki aka zuba, garin ya ƙara fili. Sai kuɗin ƙasa a tsakiyar gari ya yi tashin gwauron zabo, ga kogi ta arewa da yamma, tafki ta gabas, filayen jirgin ƙasa ta kudu. Babu wajen faɗaɗawa sai sama. Ga lifta ta zo, ga ƙarfe ya yi araha. Dogon bene daga nan ya fito.

Ɗalibar Zane:
A aji an nuna mana benen Monadnock, an ce bangonsa a ƙasa kaurinsa kusan mita biyu ne.

Injiniya Dogo:
Mita 1.8. Hawa 16, an gama ɓangaren arewa a 1891, Burnham da Root suka zana. Bango ne ke ɗauke da nauyin, saboda haka duk hawan da ka ƙara sai ka ƙara kaurin ƙasa, har ka cinye wurin shagunan da suka fi kawo haya. Shi ya sa ƙashin ƙarfe ya yi nasara: ginshiƙi siriri ya ɗauki nauyi, bango ya zama riga kawai, taga ta yi faɗi. Shi kansa Home Insurance har yau ana gardama ko cikakken ƙashin ƙarfe ne, don bangonsa ma ya ɗauki wani ɓangare na nauyin. Abin dariya, lokacin rushe shi ne aka kafa kwamitin masana suna bin masu rusau hawa-hawa suna duba yadda aka haɗa shi, don a tabbatar ko shi ne na farko.

Baban Ummi:
Wato sun san darajarsa, kuma suka rushe.

Mai Awo:
Sun sani sarai. Ga wani da ya fi ciwo. Marshall Field Wholesale Store, babban shagon sari da H. H. Richardson ya zana, an gama 1887, hawa bakwai, ya cinye layi guda cur, jan dutse, manyan bakuna a jere. Louis Sullivan, shahararren mai zanen gini, shi kansa daga wannan gini ya ɗauki darasi. Da kamfanin ya kwashe kayansa zuwa Merchandise Mart a 1930, a shekarar aka rushe shi. Kun san me aka yi a wurin? Filin ajiye motoci.

Sai Masonic Temple na 1892, hawa 21, a lokacinsa babu wanda ya kai shi tsawo a garin. A 1939 aka sauke shi aka yi gini mai hawa biyu a gurbinsa. Alhaji Ɗan Kwari, wannan a kalkuletarka ci gaba ne?

Ɗan Kwari:
Mai Awo kada ka ɗauka ka kama ni. Shekarun 1930 ai lokacin karayar tattalin arziki ne. Bene babu 'yan haya, haraji na bin ka kowace shekara gwargwadon darajar ginin, ga gyaran lifta, ga ɗumama ɗakuna a sanyin can. Ka rushe, haraji ya sauka, ka sa mai gadi yana karɓar kuɗin fakin. Wanda bai taɓa riƙe gidan haya ba shi ke ganin abin mugunta ne. Kowa ya ce a bar gini, ya zo ya biya harajin.

Mai Awo:
Wannan kam hujja ce, ban musa ba. Amma ka ga ka sauya magana. Da farko cewa ka yi ana rushe ƙarami a gina babba. Yanzu ka yarda ana rushe babba a bar fili.

Ɗan Kwari:
Duk ɗaya ne, lissafi ne. Mu nan Kano ganuwa ba a idonmu take narkewa ba? Waye ya fitar da kuɗinsa ya yaɓe ta?

Injiniya Dogo:
Akwai bambanci Alhaji. Ginin ƙasa in an daina yaɓe, damina ce za ta kai shi ƙasa ko ba wanda ya taɓa shi, sakaci kaɗai ya isa. Waɗancan dutse ne da ƙarfe, sai da aka biya ɗan kwangila aka yi watanni ana fasawa. Shawara ce aka zauna aka yanke.

Hajiyar Shikago:
Ku duka kuna maganar benayen masu kuɗi na tsakiyar gari. Ku zo kudu ku ji. Akwai wani gida da ake kira Mecca Flats a titin State da na 34, an gina shi 1892, ana shirin babban baje kolin duniya na 1893. Hawa huɗu, da tsakar gida biyu dogaye masu rufin gilashi, baranda ta ƙarfe mai ado ta zagaye kowane hawa, kowa ya fito ƙofarsa yana ganin maƙwabtansa sama da ƙasa. Da farko farare kaɗai ake ba haya. Daga baya baƙaƙen da ke tahowa daga jihohin kudu suka cika shi, lokacin unguwar Bronzeville na tashe da kiɗa da jaridu da kasuwancin baƙar fata.

Makarantar fasaha da ke kusa, wadda ta zama IIT, ta mallaki gidan tana son faɗaɗa harabarta. 'Yan hayar suka ƙi tashi, suka yi shekara fiye da goma ana ja. Ba don son ado ba, a'a, ba su da inda za su je, don a lokacin akwai yarjejeniyoyin da masu gidaje ke sa hannu cewa ba za su sayar ko su ba baƙar fata haya a unguwanninsu ba. A 1943 majalisar jiha ta amince da dokar hana rushe shi, gwamna Dwight Green ya ƙi sa hannu. Aka daina gyara, gidan ya lalace, mutum sama da 1,000 a cushe, sai aka nuna lalacewar aka ce ga dalili. A 1952 aka rushe. A wurin mai zanen gini Mies van der Rohe ya gina Crown Hall, wato makarantar koyon zanen gini, wadda ɗalibai daga ko'ina suke zuwa gani.

Ɗalibar Zane:
Innalillahi. Hajiya, Crown Hall muna da hotonsa a bangon ɗakin zanenmu. Ba wanda ya taɓa ce mana akwai gidan mutane a ƙarƙashinsa.

Hajiyar Shikago:
A ƙarƙashinsa kuwa, ba a baki ba. A 2018 ma'aikata na haƙa don gyaran bututu suka ci karo da tayil ɗin daɓen Mecca, launinsa bai gushe ba. Ginin Mies yana da kyau 'yata, ban ce ki cire hoton ba. Amma Alhaji da ke cewa lissafi ne, ya gaya mini a wane shafi na lissafin aka rubuta mutanen nan.

Ɗan Kwari:
Hajiya wannan daban. Wannan zalunci ne, ba kasuwanci ba. Ni maganar ofisoshin da ba kowa a ciki nake.

Malam Na Tarihi:
To ga ofishin da akwai mutane a ciki. Chicago Stock Exchange, benen kasuwar hannun jari da Adler da Sullivan suka zana, 1894, hawa 13, a titin LaSalle. Yana aiki, yana da 'yan haya. Kafin shi an riga an rushe gidan wasan Garrick nasu a 1961 aka yi garejin motoci, abin da ya tayar da hankalin jama'a har aka fito da kwalaye. Wani mai ɗaukar hoto, Richard Nickel, shi ya ja gaba. Aikinsa bin gine-ginen Sullivan da za a rushe, ya ɗauki hoto, ya ciro adon da zai iya ɗauka. An yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1968, amma majalisar birni ta ƙi sa Stock Exchange a ciki. Ranar 13 ga Afrilu 1972 Nickel ya shiga ginin ana tsakiyar rusau don ya ciro wasu kaya, wani ɓangare ya rufta da shi. Sai bayan kusan mako huɗu aka gano gawarsa.

Baban Ummi:
Subhanallah. Ai rai ya fi gini.

Malam Na Tarihi:
Ya fi. Sai dai zauren cinikin da ya taimaka aka ciro kafin rasuwarsa an sake haɗa shi a gidan tarihi na Art Institute, aka buɗe a 1977, bakan ƙofar ginin kuma yana tsaye a waje shi kaɗai, ba ya shigar da kowa ko'ina.

Ɗalibar Zane:
Gine-ginen baje kolin 1893 fa, farin birnin nan? Su ma rusau?

Mai Awo:
Waɗannan ba sa cikin lissafi. Filasta ce da zare a kan katako da ƙarfe, aka shafa farin fenti, dama na wata shida aka yi su. Wuta ta ci mafi yawa a 1894. Guda da aka yi da bulo saboda zane-zane masu tsada da aka ajiye ciki shi ya rayu, shi ne gidan tarihin kimiyya da masana'antu na yanzu.

Ɗan Kwari:
Ni dai a amsa mini wannan. Benayen Monadnock da Rookery da gidan wasa na Auditorium suna nan tsaye har yau, sa'o'in waɗanda aka rushe ne. Me ya tsare su in ba sun ci gaba da biyan kuɗin kansu ba?

Injiniya Dogo:
Auditorium bai biya ba Alhaji. Kamfaninsa ya karye, a lokacin yaƙin duniya na biyu wurin shaƙatawar sojoji aka mai da shi, har dandalin wasan aka shimfiɗa wa layukan wasan bowling. An yi niyyar rushe shi tun farkon shekarun 1930, aka ga kuɗin rusau ya fi ƙarfin abin da fulotin zai kawo, don bangon dutse ne mai kaurin gaske. Jami'ar Roosevelt ta karɓe shi a 1946, zauren wasan kuma sai 1967 aka sake buɗewa da kuɗin da jama'a suka tara.

Ɗan Kwari:
Wato tsadar rushewa ce ta cece shi. To ai lissafin ne dai Injiniya!

Hajiyar Shikago:
Wannan bawan Allah ba za a gama da shi yau ba. Ni zan tashi, lokacin azahar ya yi a nan. Ɗalibar Zane, ki yi mini magana ta gefe, gobe in na bi ta titin State zan ɗauko miki hoton Crown Hall ta ɓangaren kudu, inda ƙofar Mecca take kallo, ki kai wa malaminku.